Swiss Travel Pass a lokacin kaka: hutun bakin tafki ba tare da hayar mota ba

Duk wanda ke shirin yin hutu a bakin tafkunan ƙasar Suwizalan ba tare da hayar mota ba, tikitin da za a fara tallata masa shi ne Swiss Travel Pass, wanda ake sayar wa baƙi kaɗai, wato mutanen da ba mazauna Suwizalan ko Liechtenstein ba. Na yi amfani da shi a lokacin kaka a yankin tafkin Luzern da kuma tafkuna biyun da suka sanya garin Interlaken a tsakiya, kuma hukuncina a kansa shi ne cewa tikiti ne mai kyau ƙwarai amma mai tsada, wanda darajarsa ke raguwa mako bayan mako daga tsakiyar Oktoba, alhali farashinsa yana nan inda yake. Wanda ya saye shi tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba zai ci moriyar kuɗinsa, amma wanda ya bari sai Nuwamba zai biya kuɗin abubuwa da dama waɗanda zai iske an rufe su.

Tikitin yana ba mai shi damar shiga kusan dukkan jiragen ƙasa na ƙasar, da motocin bas masu launin rawaya na PostAuto waɗanda ke shiga ƙauyuka, da jiragen ruwa masu jigilar fasinjoji a manyan tafkuna, da bas da taragon cikin gari a birane da garuruwa sama da 90, ba tare da ya sake biyan ko kwabo ba. Haka kuma yana buɗe ƙofar gidajen tarihi sama da 500 kyauta. Ana sayar da shi na kwana 3, ko 4, ko 6, ko 8, ko 15 a jere, sannan akwai wani nau'in da ake kira Flex, wanda mutum zai zaɓi ranakun da yake so a cikin wata guda, sai dai ya ɗan fi tsada. A shekarar 2024 farashin aji na biyu a kuɗin ƙasar, wato faran, shi ne faran 244 na kwana 3, faran 419 na kwana 8, faran 459 na kwana 15, kuma da yake farashin kan sauya daga shekara zuwa shekara, wajibi ne a duba na shekarar da za a yi tafiyar. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna samun ragin kashi 30 cikin 100, yara kuwa daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 suna tafiya kyauta tare da uba ko uwa idan an karɓi katin iyali, wanda ba a biyan komai a kansa. Ga magidanci mai 'ya'ya uku ko huɗu, wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai yana iya sauya lissafin tafiyar gaba ɗaya.

Kafin a zo ga batun kuɗi, ya kamata a fahimci abin da ya sa tafiya babu mota take yiwuwa a can, domin tikitin ba zai yi wani amfani ba in ba don tsarin da ke bayansa ba. Tun 1982 jiragen ƙasar suke bin jadawalin da ke maimaita kansa, ta yadda jirgin da ya tashi ƙarfe 9 da minti 10 zai sake samun ɗan'uwansa ƙarfe 10 da minti 10, a manyan layuka ma kowane rabin sa'a. An kuma ɗaure lokutan bas da na jiragen ruwa da na jiragen hawa tsauni a jikin wannan jadawalin, saboda haka idan mutum ya sauka daga ɗaya sai ya iske ɗayan yana jiransa. Kamfanin jiragen ƙasa na tarayya, SBB, yana ɗaukar jirgi a matsayin wanda ya makara da zarar jinkirinsa ya kai minti uku, kuma ko da wannan tsauraran ma'auni, sama da kashi 90 cikin 100 na jiragensa suna isa a kan lokaci. Wannan shi ya sa manhajar SBB Mobile za ta ba mutum minti biyar ko shida ya sauya jirgi a wata tasha, hankalinsa ya tashi, amma ya ga abin ya yiwu har da ragowar lokaci, muddin ya san lambar layin da zai nufa tun kafin ya sauka.

Luzern ne garin da na ga ya fi dacewa a mai da shi masauki. Daga filin jirgin sama na Zurik akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum can cikin kimanin sa'a guda, kuma da ya fito daga tashar, titi kaɗai zai tsallaka ya iske matsayar jiragen ruwa, gadar katako ta Kapellbrücke mai asali tun ƙarni na 14 tana hannun hagu. Tafkin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 114, kuma ba shi da siffar kwano irin ta yawancin tafkuna, rassa ne da ke kutsawa tsakanin tsaunuka, shi ya sa duk lanƙwasar da jirgi ya yi sai idon mutum ya faɗa kan wani sabon wuri. Kamfanin SGV da ke jigila a kansa yana riƙe da tsofaffin jiragen tururi guda biyar waɗanda har yanzu suke aiki, mafi tsufansu shi ne Uri na 1901, na baya-bayansu kuma Stadt Luzern na 1928, kuma mai wannan tikiti yana shigarsu kamar yadda yake shiga kowane jirgi, babu ƙarin kuɗi.

Shiga ɗaya daga cikin waɗannan jiragen tururi shi ne abin da ya fi burge ni a dukkan tafiyar. An bar tsakiyar jirgin a buɗe, an kewaye shi da shingen ƙarfe, ta yadda fasinja zai leƙa ƙasa ya ga injin yana aiki: manyan sanduna masu sheƙi suna hawa suna sauka, ƙamshin man inji mai ɗumi yana tasowa, ma'aikaci yana zagawa da gwangwanin mai yana ɗiga wa kowace gaɓa nata rabon. A gefe biyu akwai tagogin gilashi inda ake ganin manyan ƙafafun da ke dukan ruwa suna juyawa. Idan an kusa matsaya sai a ji ƙararrawa daga sama, injin ya tsaya cak, ya juya da baya, ma'aikacin bakin ƙofa ya wurga igiya ya ɗaure, ya tura gadar sauka, kuma kafin mutum ya gama kallon masu shiga an riga an kwance an tashi. A safiyar Oktoba mai sanyi, wurin nan kusa da injin shi ne ya fi ko'ina ɗumi a jirgin, kuma tsofaffin da suka saba da hanyar sun san haka, don kuwa nan suke taruwa.

Tafiyar da ta fi fito da amfanin tikitin ita ce ta tsaunin Rigi. Mutum zai shiga jirgin ruwa daga Luzern zuwa Vitznau, tafiyar kimanin sa'a guda, ya sauka ya iske jirgin ƙasa mai haƙora, wato mai kama haƙoran dogo don hawa gangare, yana tsaye 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa. Wannan layin, wanda injiniya Niklaus Riggenbach ya gina aka buɗe a 1871, shi ne layin dogo na hawa tsauni na farko a Turai, kuma cikin ɗan abin da ya wuce rabin sa'a yake kai mutum ƙololuwar Rigi Kulm mai tsayin kusan mita 1,800. Daga can ana iya sauka ta ɗaya gefen zuwa Arth-Goldau a koma Luzern a jirgin ƙasa, ko a sauka zuwa Rigi Kaltbad a shiga keken igiya mai rataye zuwa Weggis a sake kama jirgin ruwa. Wanda zai biya cikakken kuɗin wannan zagaye sai ya kashe sama da faran 100, amma mai tikitin ba ya biyan komai, domin Rigi na cikin tsaunuka uku da aka sanya a ciki gaba ɗaya, sauran biyun su ne Stanserhorn, mai keken igiya wanda samansa a buɗe yake, da Stoos, wanda jirginsa da aka buɗe a 2017 yake hawa gangare mafi tsananin miƙewa a irinsa a duniya. Dukkan ukun kuwa suna kewayen tafkin Luzern, wanda hakan wani dalili ne na zama a wannan yankin.

A nan ne lokacin kaka yake shigo da wani abu wanda bai cika fitowa a tallace-tallace ba, kuma a ganina shi ne ainihin hujjar sayen tikitin. Daga Oktoba, hazo yakan sauka a kan tafkuna da filayen arewacin tsaunukan Alps ya zauna, wani lokaci har yini guda ko fiye. Ga ido yana kama da hazon hunturu da muka sani, wanda ke ɓoye bishiyar da ke gaban mutum, sai dai wannan jiƙaƙƙe ne, yana shiga cikin riga da sanyi. Amma hazon yana da rufi, galibi ƙasa da ƙololuwar tsaunuka, ta yadda a ranar da Luzern take duhu babu ko alamar rana, jirgin Rigi zai huda ta cikinsa ya fito sarari, mutum ya iske rana tarwai, farin hazo ya shimfiɗu a ƙasa, kawunan tsaunuka sun leƙo ta cikinsa. Manyan tsaunukan suna da kyamarori da ake kallo kai tsaye ta intanet, manhajar hukumar yanayi ta MeteoSwiss kuma tana nuna hasashen kowane yanki, saboda haka da safe mutum zai duba ya ga inda rana take, sannan ya nufe ta.

Wanda ya sayi tikitocin rahusa tun makonni kafin tafiya, waɗanda ake ɗaurewa da wani jirgi na musamman ko wata rana ta musamman, ba shi da wannan damar, sai dai ya tafi inda ya biya ko da ruwa ake tafkawa. Mai Swiss Travel Pass kuwa yana iya sauya shawara a bakin tasha. Idan arewa ta rufe gaba ɗaya da ruwan sama, yana iya kama jirgin da ke bi ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016, ya tsinci kansa a bakin tafkin Lugano cikin abin da bai kai sa'a biyu ba, a yankin masu magana da Italiyanci inda yanayin yakan bambanta da na arewa, kuma jiragen ruwan tafkin na can ma suna cikin tikitin. Idan yana da lokaci a hanyar dawowa, sai ya bi tsohon layin da ke hawa tsauni ta ramin 1882, inda jirgi ke zagaye cikin dutse har a ga cocin ƙauyen Wassen sau uku daga wurare daban-daban. Ba na jin akwai mai haya mota da zai iya yin wannan zagaye a yini guda ya dawo ba a gajiye ba.

Ɓangaren kudancin tafkin Luzern, daga Brunnen zuwa Flüelen, shi ne ya fi kowane kwarjini, domin duwatsu ne a tsaye suke faɗawa kai tsaye cikin ruwa. A nan filin Rütli yake, inda al'adar ƙasar ta ce wakilan yankuna uku sun yi rantsuwar haɗin kai wadda ake danganta ta da 1291, kuma hanya mafi sauƙi ta isa wurin ita ce jirgin ruwa. Cikakkiyar tafiya daga Luzern zuwa Flüelen tana cin kusan sa'a uku, dawowa a jirgin ƙasa kuwa kimanin sa'a guda, kuma shawarata ita ce a tafi ta ruwa a dawo ta dogo, don kuwa sa'a shida a kan ruwa a cikin sanyin kaka ta wuce abin da yawancin mutane za su ji daɗinsa. Wannan yankin kuma shi ne mashigar iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu, wadda suke kira Föhn, mai share sararin sama ta fito da tsaunuka tar, amma idan ta yi ƙarfi takan sa a dakatar da kekunan igiya.

Daga Luzern zuwa Interlaken akwai jirgin da ke haye mashigar Brünig cikin abin da bai kai sa'a biyu ba, yana wuce tafkunan Sarnen da Lungern kafin ya gangara bakin tafkin Brienz, kuma ba a buƙatar kama kujera tun gaba. A tsakiyar Oktoba dazuzzukan da ke gefen layin sun koma ja da rawaya, kuma ko da babu wani abin da ya kai mutum Interlaken, tafiyar ita kaɗai ta isa dalili. Garin yana da tashoshi biyu, kuma yana da muhimmanci baƙo ya bambance su: jiragen ruwan tafkin Brienz suna tashi ne daga bayan tashar Interlaken Ost, na tafkin Thun kuma daga Interlaken West. Ruwan Brienz yana da launi tsakanin shuɗi da kore, wanda garin dutsen da narkakkiyar ƙanƙara ke gangarowa da shi yake haifarwa, kuma jirgin yana tsayawa a ƙauyen Iseltwald da kuma gindin magangarar ruwa ta Giessbach. A gefen Thun kuwa akwai tsofaffin fadoji a Spiez da Oberhofen da garin Thun kansa, ga kuma bas da ke bin bakin tafkin ta arewa ga wanda jirgin ruwa ya wuce shi.

Sai dai a nan ne raunin tikitin yake fara bayyana. Jigilar yau da kullum a tafkin Brienz ta lokacin ɗumi ce, kuma tana tsayawa a cikin Oktoba, haka ma jirgin ƙasa na tururi da ke hawa tsaunin Brienzer Rothorn, da gidan tarihi na sarari da ke Ballenberg, inda aka tattaro tsofaffin gidajen manoma sama da 100 daga sassan ƙasar, wanda ke rufewa a ƙarshen watan. A tafkunan Luzern da Thun jirage suna ci gaba da aiki har cikin hunturu, amma jadawalin yana raguwa sosai, jiragen tururi kuma galibi an ɗaure su. Jirgin haƙora na tsaunin Pilatus daga Alpnachstad, wanda aka buɗe a 1889, yana tsayawa a Nuwamba, haka ma Stanserhorn, kuma watan nan ne kamfanonin kekunan igiya da yawa suke zaɓa don gyaran shekara kafin lokacin wasan ƙanƙara. Jiragen ƙasa da bas suna nan yadda suke, ana iya isa Iseltwald a motar PostAuto daga Interlaken duk shekara, Rigi ma ba a rufe shi, amma wanda ya zo musamman saboda ruwa zai ga rabin abin da ya kawo shi ya tafi hutu. Babu wani ragin farashi da ake yi wa tikitin saboda wannan, kuma babu wanda zai tunatar da mai saye, sai dai shi ya buɗe jadawalin kowane kamfani ya duba ranar da lokacin ɗumi yake ƙarewa.

Akwai kuma batun gajartar yini. A ƙarshen Satumba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7 na yamma, amma a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da sa'a guda, lokacin ƙasar ya zo daidai da na Najeriya da Nijar, rana kuma ta koma faɗuwa wajen ƙarfe 5 da kwata. Tikitin da ake biya a kan kwana ba ya la'akari da cewa hasken kwanan ya ragu, kuma ga Musulmi lokutan azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna ta yadda dole ne tsarin yini ya yi la'akari da su.

Wani abin da ya kamata a karanta da natsuwa shi ne taswirar da ke zuwa tare da tikitin. Layukan da aka ja a miƙe kyauta ne, waɗanda aka ja da ɗigo-ɗigo kuwa ragi kawai ake samu, kuma mafi yawan tsaunukan da suka yi suna suna cikin rukuni na biyu. Pilatus rabin kuɗi ne. Jungfraujoch, inda tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai take, kyauta ne zuwa Grindelwald ko Wengen kawai, daga nan zuwa sama ragin kashi 25 cikin 100 ne, kuma abin da ya rage ba ƙaramin kuɗi ba ne. Jiragen yawon kallo irin su Glacier Express da Bernina Express suna cikin tikitin, amma kuɗin kama kujera daban ne kuma tilas ne. A jiragen ruwa, benen sama na aji na ɗaya ne, kuma ana iya biyan ƙarin kuɗi a hau don tafiya guda, sai dai a lokacin kaka ban ga dalilin sayen tikitin aji na ɗaya gaba ɗaya ba, tun da cunkoson bazara ya wuce, iskar saman benen kuma ba ta barin kowa ya daɗe. Cunkoson da ya rage shi ne na ranakun Asabar da Lahadi masu rana, musamman a makonnin hutun makarantu na Oktoba, lokacin da 'yan ƙasar da kansu suke guje wa hazo su hau Rigi.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Abokin takarar tikitin shi ne katin rabin kuɗi na baƙi, wanda a 2024 ake sayarwa faran 120 na wata guda, kuma yake rage rabin farashin kusan kowane jirgi da bas. Idan aka ɗauki tikitin kwana 8 a kan faran 419, to sai jimillar cikakken kuɗin tafiye-tafiyen mutum ta kai kusan faran 600 kafin ya fi katin rabin kuɗi riba. Wanda zai yi doguwar tafiya kusan kullum, ya hau Rigi da Stanserhorn, ya je Lugano da Interlaken, ya shiga gidajen tarihi a ranakun ruwa, zai wuce wannan adadi ba tare da wahala ba. Wanda kuwa hutawa ce ta kawo shi, yana son ya zauna a Weggis ko Spiez ya yi tattaki a bakin ruwa, ya fita sau biyu ko uku, asara zai yi, musamman da yake otal-otal a Luzern da Interlaken suna ba baƙinsu katin shiga bas na cikin gari kyauta. A farashin 2024, tikitin kwana 3 shi ne mafi tsada a kan kowace rana, kimanin faran 81, na kwana 8 kimanin 52, na kwana 15 kuma kimanin 31, saboda haka gajeriyar ziyara ita ce ta fi buƙatar a zauna a yi lissafi da biro da takarda.

Abin da lissafi ba ya nunawa shi ne sauƙin da ke cikin rashin sayen tikiti. Tashoshin ƙasar ba su da shingen shiga, mutum yana hawa ne kawai, mai duba tikiti ya zo ya gaishe da jama'a, a nuna masa tikitin a waya ko a takarda tare da fasfo, ya yi godiya ya wuce. Baƙon da ba ya jin Jamusanci, wanda zai tsaya gaban na'ura yana ƙoƙarin gane yankunan farashi alhali jirgi na shirin tashi, zai san darajar wannan, domin tarar shiga da tikitin da bai dace ba tana da nauyi, kuma rashin sani ba ya zama uzuri. Sai dai a riƙa yawo da fasfo, don tikitin da sunan mutum yake, a kuma tabbatar wayar tana da caji ko a buga kwafi a takarda. A ƙananan tashoshi da ke layukan karkara jirgi ba ya tsayawa sai an danna maɓalli, a cikin tarago ga mai sauka, a kan dandamali ga mai hawa.

Zaɓen masauki yana iya gyara ko ɓata irin wannan tafiya fiye da zaɓen tikiti. Na kwana a wani masauki da ya rubuta cewa yana kusa da tafki, kuma a taswira gaskiya ya faɗa, amma ƙauyukan bakin waɗannan tafkuna a jikin gangare suke, kuma abin da ya yi kama da ɗan taku ya zama hawa mai sa haki da akwati a hannu, motar ƙarshe da ke hawa unguwar kuma tana wucewa tun farkon dare. Mai tafiya babu mota ya nemi wurin da zai taka da ƙafa daga tasha ko matsayar jirgin ruwa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya sanya sunan unguwar a manhajar SBB ya ga jadawalin Lahadi da na dare kafin ya biya. Zama a wuri ɗaya ko biyu ya fi yawo da kaya kowace rana, ko da yake manyan tashoshi suna da akwatunan ajiya na kuɗi.

Abinci yana da tsada a ko'ina, har da na cikin jiragen ruwa, inda ake sayar da soyayyen kifin tafki mai daɗi amma a farashin da zai sa mutum ya sake duba takardar. Mafita ita ce shagunan Migros da Coop da ke cikin manyan tashoshi, waɗanda suke buɗe ranar Lahadi lokacin da sauran shagunan gari suke rufe, kuma babu mai hana cin guzuri a jirgin ƙasa. Ruwan famfunan kan titi ana shan sa sai fa inda aka rubuta akasin haka. Daga Oktoba masu gasa ƙwayar maroni suna kafa rumfuna a bakin tashoshi, suna zuba ta da zafinta a cikin jakar takarda, kuma ita ce abu mafi araha da zai ɗumama hannu yayin jiran jirgi.

Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Schengen, tun da Suwizalan tana cikin wannan yarjejeniya duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, kuma kuɗin ƙasar faran ne, ba yuro ba. Tikitin ba ya ƙarewa a kasuwa, ba ya kuma ƙara tsada don an makara, ana iya sayensa ta intanet ko a tashar filin jirgi ranar da aka sauka, don haka babu dalilin biyansa kafin biza ta fito. 'Yan'uwa da ke zaune a Jamus ko Faransa ko Italiya su ma suna da damar sayensa, kuma su ne suka fi samun sauƙin jiran hasashen yanayi na mako guda kafin su tsayar da ranar tashi. Ga wanda zai zaɓi makonni tun da nisa, makon ƙarshe na Satumba da makonni biyun farko na Oktoba su ne nake ba da shawara, da tikitin kwana 6 ko 8 na aji na biyu da masauki a Luzern ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da jirgin ruwa ke tsayawa duk shekara, irin su Weggis da Vitznau. Bayan an mayar da agogo baya, katin rabin kuɗi ya fi dacewa.